Sunan Jaririyar Zilai

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta. Kai Ɗanlami, sa wayar nan a aljihu, ba ta da amsar abin da zan tambaya.

A wani gari na bakin kogi an yi wata yarinya, Zilai, 'yar shekara goma sha shida. Ran wata kasuwa ta shiga kwale-kwale da ƙanenta Sagir za su tsallaka. An yi wa jirgin lodi fiye da kima, a tsakiyar ruwa ya kife. Aka tsamo Zilai da rai, Sagir kuwa sai bayan kwana biyu aka ga gawarsa. To, kun san halinmu. Aka ce mata ta yi haƙuri, daga nan aka daina ambaton yaron a gabanta, wai don kada a tayar mata da hankali. Wata bakwai yarinyar nan tana ƙanjamewa. Ta bar makaranta, abinci sai an yi da gaske, wanka sai da kuka. Wanda duk ya tambaye ta, amsarta ɗaya ce, lafiya lau. Aka ce mutanen ruwa ne suka shafe ta, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, shiru. Uwarta har ta fara cewa kogin nan 'ya'ya biyu zai cinye mata. Ana cikin haka mata uku suka shigo maganar.

Ta farko gwaggonta ce, Tabawa mai daddawa, mace mai baki, wadda ba a ja da ita a kasuwa. Ta ji labarin cewa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sun sauka a asibitin garin, suna tantance matasan da suka ga tashin hankali. Ta sami wanta, uban Zilai, ta ce a kai yarinyar. Ya ce atafau 'yarsa ba mahaukaciya ba ce, kuma ba za a ɓata mata suna a gari ba. Tabawa ta ce, "Shi ke nan Yaya. Ba ni ita ta raka ni wurin tela." Ƙarya ce tsagwaronta ta shara masa, ban ce ku koya ba. Amma ta san in asiri ya tonu zumunci zai iya tsinkewa, ta kuwa kama hannun yarinyar har layin asibiti. Da ba ta yi haka ba, da Zilai na ɗaka tana ƙarewa.

Ta biyu Malama Kubura ce, ma'aikaciyar da ke yin tambayoyin. Takarda ce a gabanta, layi kuma ya yi tsawo, don haka da sauri take karantawa. Duk abin da ta tambaya, Tabawa ce ke cafewa ta amsa, kamar yadda babba ya saba yi wa yaro a gaban likita. Kubura ta ce, "Gwaggo, don Allah ki ɗan jira mu a waje." Da suka rage su biyu ta tambayi Zilai ko ta taɓa ganin mutuwar wani a gabanta, ko tana jin laifinta ne. Abin da gari guda ya kasa tambaya wata bakwai, ita ta tambaya. Da ba ta tambaya ba, da an rubuta lafiya lau an sallame su.

Amma fa tambayar ta zo da nauyi. Numfashin Zilai ya koma sama-sama, ta zame daga kujera ta ƙudundune ƙarƙashin tebur tana ihu. Na kan layi suka watse suna cewa iskokinta sun tashi. Kubura ta daskare da biro a hannu. Tabawa ta faɗo ɗakin tana salati, ta finciko butar wani, za ta sheƙa mata ruwa a fuska. Kada ku yi mata dariya, duk cikinku wa ya taɓa ganin mutum ya faɗi bai nemi ruwa ba?

Nan ta uku ta shigo, Iya Lantana mai sharar asibitin, 'yar masunta ce gaba da baya. Ta yar da tsintsiya ta riƙe butar, ta ce, "Wadda ruwa ya ci ba a farfaɗo da ita da ruwa, ku ba ni wuri." Ta zauna dirshan a ƙasa, ta kama tafin hannun yarinyar ta ɗora kan siminti. "Taɓa ki ji, 'yar nan. Busasshe ne. A tudu kike." Ta kwance bakin zanenta ta zuba mata gyaɗa a cinya, ta ce ta taya ta ɓarewa. Sannu a hankali numfashi ya daidaita, suna ɓara suna ajiyewa. Da an watsa ruwan nan, Allah kaɗai ya san inda hankalinta zai tsaya, kuma ko da igiya ba za ta sake taka asibiti ba.

Can sai Zilai ta ce, "Ina riƙe da hannunsa. Ni na sake shi." Ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ran jana'iza. Kubura ta kife takardarta, ta sauko ƙasa ita ma, ta saurare ta har ta gama. Ta ba ta haƙuri kan gaggawar da ta yi, sannan ta haɗa ta da likita a birni. Tabawa ce ta koma gida ta sha faɗan wanta, ta kuma riƙa kai Zilai wurin likitan duk wata. Ba rana ɗaya aka warke ba, amma wallahi ranar da aka ji dariyar Zilai a tsakar gida, uwarta sai da ta yi sujada. Ni kaina duk sanda na zo nan a labarin sai na ji sanyi a raina.

Zilai ta koma makaranta ta gama, ta yi aure, yanzu ga shi ta haifi 'ya mace. Mijinta ya ce ya bar mata zaɓin suna. Dangin uba suka ce Tabawa, ita ta saka zumuncinta a wuta. Mijin yana ganin Kubura, don ita ta buɗe abin da aka rufe. Uwar Zilai ta ce Lantana, wadda ba dangin iya ba na baba, kuma ba aikinta ba ne. Ga shi jaririya ɗaya ce, gobe kuma suna.

To, ku gaya mini: Tabawa, Kubura ko Lantana, wa ya kamata a yi wa takwara?