La'adar Da Ke Jiran Damina

A zamanin da, tun ana cinikin gida da kuɗin wuri, an yi wani sarki wanda ƙasarsa ta zauna lafiya, rumbuna cike, hanyoyi ba ɗan fashi. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa a fada, shi ne ƙarar la'ada. Kowace safiya sai an gurfanar da dillalin gida. Wannan ya ce an yanke masa da yawa, wancan ya ce an karɓa a hannunsa an kuma zagaya an karɓa wurin mai saye. Ran nan sarki ya gaji, ya ba waziri kwana bakwai ya zo da la'adar da za a kira adalci, in ba haka ba a yi shela a hana dillancin gida, kowa ya sayar da abinsa da bakinsa.

Labari ya iske wani tsohon dillali mai suna Nomau yana zaune a zaurensa, sai ya ji goron bakinsa ya fita masa a rai. Shekara arba'in yana wannan sana'a, gadon ubansa ce, bai iya wata ba. Mutum ne mai nawa, har 'yan'uwansa dillalai suka laƙaba masa Sai Gobe, don ba a taɓa jin ya gama ciniki ranar da ya fara ba.

Kashegari waziri ya kira shi, ya kuma kira Cindo, dillalin da duk garin ba wanda ya kai shi zaƙin baki. Ya nuna musu gidajensa biyu a jere, ginin magini ɗaya, ya ba kowa ɗaya ya sayar. Abin da bai gaya musu ba shi ne gara ta cinye azarar soron kowane gida, masu sayen da za su zo kuwa barorinsa ne cikin shigar fatake.

Kafin azahar Cindo ya gama. Ya tsayar da baƙonsa a tsakar gida, ya yabi inuwar durumi, ya yabi ruwan rijiya, bai bar shi ya ɗaga kai sama ba har aka sallama. Ya karɓi rabonsa gaba da baya, ya tafi yana kaɗa riga.

Shi kuwa Nomau tsani ya fara nema. Ya hau soro da tsufansa, ya bi indararo ɗaya bayan ɗaya, ya sauko ya ƙwanƙwasa azara da sandarsa, sai garin cin gara ya zubo masa a rawani. Daga nan ya bi maƙwabta yana tambaya ko akwai mai so, don bai yarda a sayar wa baƙo gida maƙwabci bai sani ba. Da mai saye ya zo, wurin azarar nan ya fara kai shi, ya ce ko a rage kuɗi ko a gyara, amma soron nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Baƙo ya karkaɗe takalmansa ya yi gaba.

Ranar bakwai Nomau ya doshi fada jikinsa a sanyaye, yana ganin nawarsa ta ja wa dillalan gari duka. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Waziri ya tashi ya bayyana dabarar da ya yi tun daga farko, Cindo na gefe yana ta gyara zama kamar wanda ya zauna kan tururuwa.

Sarki ya dubi Nomau ya ce, "Kwana bakwai kana hawa da sauka. Nawa za a ba ka?"

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ko wuri ɗaya ban cancanta ba. Ba a yi ciniki ba."

Sarki ya ce to da an yi fa, mene ne adalci? Nomau ya faɗi yadda ya ga ubansa na yi. Ɗaya cikin ashirin, a faɗe ta gaban shaidu tun dillali bai sa ƙafa a zaure ba, kuma daga hannun mai sayarwa kaɗai. Rabi ranar da aka sallama.

Waziri ya ce, "Sauran rabin fa?"

"Ranka ya daɗe, sai damina ta wuce ta kan gidan. Gidan ƙasa ba ya faɗin gaskiyarsa da rani. In mai saye ya kwana a bushe, na ci halal. In ɗaki ya yi yoyon da na sani na ɓoye, a gyara masa da rabona."

Sarki ya yi murmushi, ya ce wannan ita ce la'adar ƙasarsa daga yau. Aka sa Cindo ya mayar da abin da ya karɓa ta baya, waziri kuma ya gyara azararsa, ya ba Nomau gidajen biyu ya sayar masa da gaske. Sai da Nomau ya yi wata guda kafin ya sayar, kamar yadda kowa ya zata, waziri kuwa bai ƙosa ba.

Ƙarar la'ada ta ɗauke daga fada. Da hadarin farko ya haɗu a gabas, Nomau ya shimfiɗa tabarma a bakin zaurensa, ya ɓare sabon goro, zuciyarsa fari ƙal. Ya ɗaga kai, sai ga dillalan garin nan birjik a kan sorayen da suka sayar, riguna a naɗe, kowa da kwandon ƙasa yana toshe tsaga. Can ya hango Cindo, taɓo har gwiwar hannu.

Cindo ya kwaɗo masa kira daga sama, ya ce, "Baba, ba za ka hau ka duba naka ba?"

Nomau ya gyara kishingiɗa, ya ce, "Ni na hau tun kafin in sayar."