Ɗakin Da Ba Shi Da Ranar Tashi

Akwai wani bawan Allah mai suna Musbahu, ɗan Kano, da ke aikin ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar, can ƙasar Larabawa. Da korona ta zo a 2020, jirage suka tsaya, aiki ya tsaya, gadon da yake haya ma aka ba wani. Ya koma kwana a bakin ruwa a unguwar Port Saeed.

A hankali kansa ya fara juyewa. Sai ya tare ka ya tambayi yau wace rana, ka faɗa masa, ya sake tambaya.

'Yan kasuwarmu ba su yar da shi ba. Wannan ya ba shi shinkafa, wancan ya bar shi ya kwana a shago na yau kaɗai. Amma bakinsu ɗaya: "Ka nutsu tukuna, ka samu aiki, sai a nema maka wuri."

Ran nan Alhaji Sharfuddeen, wani mai sayar da yadi, ya kama hannunsa har gidan da Alhajin yake haya a unguwar Al Sabkha. Ya kwashe kwalaye daga wani ƙaramin ɗaki, ya miƙa masa mukulli.

Musbahu ya ce, "Alhaji, zuwa yaushe?"

"Babu yaushe. Naka ne."

"To me zan yi muku?"

"Ka kwanta. Khalas, shi ke nan."

Musbahu bai gane ba. Da takalmi yake barci, jakarsa a ƙirji. Kowace safiya sai ya naɗe katifa ya tsaya a bakin ƙofa, yana jiran a sallame shi. Wata rana ma ya ɓace, sai a Port Saeed aka same shi zaune.

Kamal, ƙanin Alhaji, ya kasa haƙuri. "Yaya, ni fa ka ɗaure min kai. Mutum bai warke ba, ba shi da aiki, ka ba shi ɗaki ya gudu. Wannan taimako ne ko ɓarna?"

Alhaji ya ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. Amma ta yaya mutum zai nutsu alhali bai san inda zai kwana gobe ba? Je ka ɗauko shi."

Aka dawo da shi, ba wanda ya yi masa faɗa. Alhaji ya roƙi Malam Idris, wani ma'aikacin jinya, ya riƙa leƙo shi duk Juma'a, yana raka shi wurin likita, yana duba ko ya sha magani.

Aka kwashe watanni. Kasuwa ta buɗe, Alhaji ya gyara masa biza, ya koma ɗaure kaya kaɗan-kaɗan.

Wata la'asar suna zaune a shago, Musbahu ya miƙe ya ce, "Ni zan wuce gida."

Kamal ya zabura. "Gida? Yanzu da ka fara samun sauƙi za ka koma Kano? Wa ya saya maka tikiti?"

Musbahu ya dube shi da mamaki. "Wane Kano kuma? Wake na jiƙa tun safe, zan je in ɗora. In kun tashi ku biyo ku ci."

Kamal ya koma ya zauna. Alhaji kuwa ya juya yana gyara yadin da ba ya bukatar gyara.

Darasi: Kada ka ce sai mutum ya gyaru za ka ba shi matsuguni. Ba shi wurin da ba za a kore shi ba, ka tsaya tare da shi, nutsuwa za ta biyo baya. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na da ɗakin da kwalaye kawai ke kwana a ciki.