Hukuncin Sarauniyar Birai a Kan Tabawa Mai Tukwane

An ce a zamanin da, bayan duniyar farko ta rushe, jiragen sama sun faɗo sun zama akurkin kaji, wutar da ke gudu cikin waya ta mutu, an yi wani sarki ana kiransa Jatau. Birninsa a kan kufan wani tsohon birni aka kafa shi, ganuwarsa kuwa matattun motoci ne aka jibga aka yaɓe da laka. Mutanen ba su da yawa, amma sarautarsu a cike take, ga waziri, ga alƙali, ga liman, don ɗan Adam ko su goma suka rage a duniya sai sun naɗa wa ɗaya rawani.

A ƙetaren kogi akwai wasu masu mulkin, su ne manyan birai, sarauniyarsu ana kiranta Rumba. Kakanninsu a wani gidan gwaje-gwaje suka tashi, inda likitocin duniyar farko suka yi ta ɗura musu allurai har kansu ya buɗe, harshensu ya kama magana. Da duniya ta watse suka ɓalle keji suka fito da hankalinsu. Shekara bakwai aka yi ana gwabza yaƙi tsakaninsu da mutane, har kowa ya gaji, aka yi sulhu. Kogi ya zama iyaka, ba mai ƙetare shi sai manzo. Tsohuwar madatsar ruwa tana hannun birai, don su suka san yadda ake murɗa ƙarafanta. Su saki ruwa da rani, mutane su aika musu da gishiri da gero.

Wazirin Sarki Jatau sunansa Anaruwa. A wancan yaƙin ya rasa uwa da uba yana jariri, yayarsa Tabawa ce ta goya shi, ta raine shi da ginin tukwane. Da ya zama waziri ya yi ya yi ta dawo gidansa ta huta, ta ce ita hannunta in bai taɓa yumɓu ba ciwo yake yi. Duk birnin ita kaɗai ke kiransa Auta, kuma ya amsa.

Wata rana a tsakiyar rani aka wayi gari kogi ya ƙafe. Kafin hantsi sai ga manzon birai a ƙofar fada, wani tsoho mai furfura a gadon baya, mutane suna kiransa Farin Baya. Bai durƙusa ba, don su ba sa durƙusawa, ya zauna a gaban sarki ya ce da muryarsa mai nauyi, “Ɗan Sarauniya Rumba ya faɗo daga kan madatsa shekaranjiya, ruwa ya tafi da shi. Mai gadinmu ya hango gawar ta tsaya a gaɓarku. Ya ga wani naku ya ɗauke ta ya shiga cikin ciyayi. Nisa ya hana shi gane ko wane ne.”

Sarki ya ce, “Allah ya ba Sarauniya haƙuri. To, mene ne na datse mana ruwa?”

Farin Baya ya ce, “Sarkin mutane, a gidan da aka tsare kakanninmu, in ɗa ya mutu, masu fararen riguna ne ke zuwa su fizge shi daga ƙirjin uwarsa, ba ta ƙara ganinsa. Ranar da muka fito, dokar farko da muka kafa ita ce: ba a raba uwa da ɗanta, rayayye ko matacce. Za ta riƙe shi, ta yi yawo da shi, kwana goma ko arba'in, har hannunta ya sake shi don kansa. Wanda ya shiga tsakani, daga kan madatsa ake jefo shi. Ku ba mu ɗanmu, ku ba mu hannun da ya ɗauke shi. Kada ku kawo mana wani ɗan fursuna, uwar za ta san warin hannun. Kwana uku muka ba ku.”

Rijiyoyin birnin ba za su kai mako ba, kowa ya san haka. Sarki ya sa aka yi shela cewa duk wanda aka samu da wannan aiki, ko ɗan cikinsa ne, za a miƙa shi. Sa'an nan ya dubi Anaruwa ya ce, “Waziri, wuyanka na rataya wa.”

Fadawa suka yi ta zuba, kowa na cewa ai wani boka ne ya sace gawar don tsafi, a bi gidajen bokaye a kama su duka. Anaruwa ya bar su suna yi. Shi dai a ransa ya ce, ɓarawo ba ya ɗaukar abu da rana tsaka a inda ya san mai gadi na hange. Wannan ya fi kama da aikin wanda bai ma san laifi yake yi ba. Sai ya kira mai shela ya ce, “Zaga gari ka ce an ga kuraye suna tone-tone a bakin kogi, masu dabbobi su kula.” Mai shela ya tafi yana mamakin abin da ya haɗa kura da maganar ruwa.

Washegari da sassafe Waziri ya tuɓe rawani, ya je ya laɓe a bayan wata ruɓaɓɓiyar mota kusa da gaɓa. Dabararsa ita ce, wanda ya saci gawa ba ruwansa da kura, amma wanda ya binne ta don tausayi ba zai iya zama ba, sai ya zo ya rufe wurin da ƙaya. Bai daɗe ba sai ya ji tari. Ya san tarin nan tun yana goye. Ya leƙa, sai ga Tabawa da damin ƙaya a ka, tana tafe tana hutawa. Wallahi da ya san abin da dabararsa za ta kamo masa, da ya bar fadawa sun bi bokayensu.

Ya fito ya ce, “Yaya, me kika yi?”

Ta sauke ƙayar a kan wani ɗan tudu a gindin kanya ta ce, “Auta, kai ne da laɓe kamar ɓarawon akuya? Yumɓu na zo ɗiba na tarar da shi. Ɗan mitsitsi, yatsunsa kamar na jaririn mutum. Ungulaye har sun fara sauka. Na wanke masa taɓon, na naɗe shi a mayafina, na rufe shi. Me ake yi wa yaro in ya mutu in ba haka ba?”

“Ba ki ji shelar sarki ba?”

“Na ji ana neman ɓarawo. Ni ban saci komai ba.”

Ya zaunar da ita ya warware mata maganar Farin Baya tun daga farko. Da ta gama ji ta ce, “Wato uwar tana can tana jira hannu wofi? Kwana uku? Kaico, na zalunci baiwar Allah.”

Anaruwa ya ce, “Yaya, ki koma gida. Ni zan tono shi, in shafa hannuna a jikinsa, in ce ni ne.”

“Kai ka taɓa yi mini ƙarya na kasa ganewa, balle mai hanci? In suka gane, ruwan ma ba za su saki ba. Ba ni fartanyar can.”

Da kanta ta tone kabarin da ta haƙa, tana yi tana ba yaron haƙuri. Waziri yana tsaye, hawaye na bin gemunsa.

Da labari ya kai fada, Sarki Jatau ya ce, “Waziri, da na san inda shelata za ta faɗa, da na tauna ta. Amma na riga na furta, kuma ga jama'a da ƙishirwa.”

Anaruwa ya faɗi ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ban zo roƙon a janye ba. Izini nake nema in raka ta, in yi magana a madadinta.”

A rana ta uku suka taka busasshen kogi suka hau madatsa, Tabawa na rungume da ƙunshin. Birai sun cika katangar maƙil. Sarauniya Rumba tana zaune a tsakiya, ta rame, hannuwanta a naɗe a ƙirji kamar mai riƙe da wani abu. Ta karɓi ƙunshin, ta buɗe, ta shinshina mayafin, ta shinshina hannun Tabawa. Sai ta manna yaron a ƙirjinta ta yi wani irin kuka mai tsawo.

Da ta lafa, Anaruwa ya ce, “Ranki ya daɗe, dokarku ta ce kada a karɓe ɗa daga hannun uwarsa. Wannan tsohuwa daga hannun kogi ta karɓa, da bakin ungulu. In akwai wanda za a jefa, kogi ne ya fara laifi.”

Rumba ta ce, “Wazirin mutane, bakinka da daɗi. Kwana biyar aka sace mini, kuma ba kogi ne ya tura shi cikin rami ba.” Ta juya ga Tabawa. “Ke, don me kika cusa ɗana a ƙasa kamar rogo?”

Tabawa ta ce, “Haka muke yi wa namu, ranki ya daɗe. Gata ne a wurinmu a rufe mutum kafin rana ta faɗi. Nawa uku haka aka yi musu.”

“Uku? Kwana nawa kika riƙe kowanne?”

“Kwana? Ko wuni ban yi ba. Maza ne ke shigowa su ɗauka. Mu mata ko maƙabarta ba ma zuwa.”

Katangar ta ɗauki gurnani, birai suna duban juna. Rumba ta zura wa tsohuwar ido ta ce, “Kuma kika miƙa?”

“Na miƙa. An ce in yi haƙuri, na yi. Amma na ƙarshen, har yau in na ɗauki tukunya ɗanya sai in ji nauyinsa.”

Shekara hamsin Anaruwa yana tare da yayarsa, bai taɓa jin wannan magana daga bakinta ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Dattawan birai suka ce doka doka ce, a jefa ta. Rumba ta ɗaga hannu suka yi shiru. Ta ce, “Ba a hukunta wadda aka yi wa fashi sau uku da hukuncin ɗan fashi. Amma kwanakina sai ta biya. Gobe muna hawa duwatsu cin 'ya'yan itace. Za ta bi ni. In na gaji ta riƙe shi, in ta gaji in karɓa, har hannuna ya sake shi. Sa'an nan ta koma gida. A buɗe ruwa.”

Waziri ya san duwatsun nan, ya kuma san ƙirjin yayarsa. Ya ce, “Ranki ya daɗe, tsohuwa ce, ba ta da lafiya. Ni in biya mata.”

Tabawa ta kama hannun rigarsa ta ce, “Auta, bar ni. Ba a taɓa ce mini in riƙe ba sai yau. Tukwanena na cikin rumfa, ka sa a rufe su kada rana ta fasa su.”

Ƙarafa suka yi ƙara, ruwa ya ɓarke, Waziri ya koma birni a kwalekwale shi kaɗai. Mutane suna ta guɗa a gaɓa, suna sa masa albarka, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Tun daga ranar, kullum in an tashi daga fada sai ya je gindin kanyar nan ya zauna yana kallon duwatsu.

A rana ta goma sha tara, bayan la'asar, ya hango birai suna gangarowa a guje. Ta gabansu ta faɗa kogi, ruwa har wuya, ta ɗaga wani abu sama da hannu biyu don kada ya jiƙe. Sarauniya Rumba ce, wadda ba ta taɓa taka ƙasar mutane ba. Ta iso tana haki, tafin ƙafarta duk jini, ta shimfiɗe Tabawa a gabansa a hankali.

Ta ce, “Da hantsi ta mutu, yaron na hannunta. Ta ce ku ba kwa kwana da naku. Tafiyar kwana biyu ce, mun yi gudu. Rana ba ta faɗi ba, ko?”

Anaruwa ya ce, “Ba ta faɗi ba.” Sai ya lura ƙirjinta wayam. “Ina yaron?”

“Hannu biyu gare ni, Wazirin mutane. Ba zan iya gudu da su biyu ba. Na ajiye shi a kan dutse.”

Sarki ya fito da kansa, da liman da jama'a. A nan bakin kogi ya kafa doka, Farin Baya ya amsa a madadin birai: duk gawar da ta faɗa hannun waɗanda ba nata ba, a mayar wa masu ita, su yi mata yadda suka saba. Ruwa bai ƙara tsayawa ba a zamanin Jatau, ba a kuma ƙara zare makami tsakanin gaɓa da gaɓa ba.

Aka kawo makara, mata suka matso za su ɗauke ta su yi mata wanka. Waziri yana zaune a ƙasa, kan yayarsa a cinyarsa, ya kasa saki. Liman ya yi gyaran murya, ya dubi rana, ya sake yi. Rumba ta zauna kusa da Waziri ta ce wa liman, “Na yi gudu ne don ya samu sauran lokacin da zai riƙe ta. Ku bar shi kaɗan.”

Aka bar shi kaɗan. An rufe Tabawa rana tana dab da faɗuwa.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu riƙo ikon saki.