Ranar Da Tuta Ta Tsaya a Rabin Sanda

Akwai wani hedimasta, sabon zuwa, mai son a ce ya iya. Ni dai ban san irin wannan hali ba, kun san kaf shafin nan babu mai tawali'una.

A makarantar akwai wani tsohon masinja, yara na kiransa Baba Maituta. Shekara ashirin da shida shi ke ɗaga tuta kowace safiya. A hankali yake jan igiya, tutar ba ta kaiwa ƙarshen sanda sai daidai kalmar ƙarshe ta taken ƙasa. Da yamma ya sauke ta, ya ninke a kan hannunsa. Ko gefenta bai taɓa bari ya shafi ƙasa ba.

Wata safiya ana cikin take, yara sun ƙame, sai wayar hedimasta ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya ba tuta baya, hannu ɗaya a aljihu, yana ta "Eh, eh, ina jin ka."

Da aka watse, Baba ya bi shi ofis, ya rusuna a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. In ana take, ko ƙuda ya sauka a hancin mutum haƙuri ake yi. Yau 'yan aji ɗaya har uku na ga sun sa hannu a aljihu. Kai suke kallo."

Ran hedimasta ya ɓaci. "Baba, wace takarda gare ka da za ka koya mini aiki? Jan igiya ma ya zama ilimi?"

"Ba ilimi ba ne, ranka ya daɗe. Sabo ne."

"To ka kai sabon naka gida. Mun hutar da kai."

Baba ya ce to. Har ya juya, ya dawo. "Akwai ƙulli a igiyar nan, in ya kai ƙarfen sama yakan cije, sai an..."

"Na ce ka tafi!"

Mako uku tuta na kwance a durowa, ana take ana kallon sanda tsirara. Sai aka ce sufeto zai zo duba makaranta. Hedimasta ya sha guga, ya ce yau da hannunsa zai ɗaga tuta, kowa ya gani.

Aka fara take. Ya ja, ya ja, tuta ta kai rabi ta cije. Ya fizga, ko gezau. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, take ya ƙare tana nan a tsakiya.

Sufeto bai motsa ba sai da aka gama. Sannan ya matso a hankali.

"Malam, tuta a rabi ai alamar makoki ce. Wa aka rasa ba a sanar da mu ba?"

Sufeto na tafiya, hedimasta ya haɗiye girman kai, ya nufi gidan Baba da ke bayan makaranta, yana shirya kalmomin ban haƙuri.

Tabarmi ya tarar a ƙofar gida, mutane zaune jugum. Da asuba Baba ya cika.

Babban ɗan marigayin ya taso ya kama hannunsa biyu.

"Mun gode, ranka ya daɗe. Daga nan muka hango tutar a rabi. Mama ta yi kuka, ta ce ashe ba ku manta da shi ba. Ko jiya da ya jiyo take daga makaranta, sai da ya dafa bango ya miƙe."

A wajen hedimasta, godiyar nan ta fi mari zafi.

Kwana uku ya bar tutar a inda ta tsaya. Yanzu in ana take, wayarsa ce ke kwana a durowa. Amma wanda zai ce wa "ka yi haƙuri" ya riga ya tafi.

Darasi: Kada ka raina mai yi maka gyara don yana ƙasa da kai, kuma ban haƙuri ba ya jiran gobe. In ana taken ƙasa ka tsaya cak, akwai yaron da ke kwaikwayonka. Ku tura wa wasu su ma su amfana. Na san halinku, ku karanta ku wuce ku bar ni da ciwon yatsa, amma yau dai ku ji tsoron Allah.