Talotalon da Aka Rufe da Zafinsa

Ke Damaris, wannan ma tambaya ce? Yarinya kamarki ta tsaya tana tambayata don me na baza soyayyen nama a faifai ban rufe ba? Me ake koya muku a makarantar? Ni ban taɓa zama a aji ba, amma nama bai taɓa lalacewa a hannuna ba. Janye hannunki daga wurin. Ku zauna ku ji.

Akwai wata mace, mai ƙwazo ce, ba ta zaman banza. Ita da wanta, uwa ɗaya uba ɗaya, sun shekara tara ba sa magana, saboda wata baƙar magana da ta faɗa masa ranar da aka binne mahaifiyarsu. Abin ya yi ta cin ta a rai. Sai ta samo ɗan talotalo, ta yi ta kiwonsa da dusa da gero har ya yi ƙiba yana tafiya da ƙyar. Ta aika wa wanta ta ce, "Yaya, ka zo mu yi Kirsimeti tare. Talotalo zan yanka maka." Ya aiko cewa zai zo.

Ranar bikin tana cikin masu waƙa na zumuntar mata a coci, ba za ta sami sukunin tsayawa a murhu ba. Saboda haka ana saura kwana uku ta sa aka yanka shi. Wannan ba laifi ba ne, kowace mace mai hankali haka take yi. Ta fige, ta daddatsa, ta tafasa da citta da albasa da kanumfari, ta soya da man gyaɗa har ya yi ja.

Tana tsame na ƙarshe sai ta ji sallama. Maƙwabciyarta ce, wata tsohuwa gwauruwa. Mai talotalon ta ce a ranta, in wannan ta gani sai na ba ta, in na ba ta sai unguwa ta ji. Nan da nan ta juye naman da zafinsa cikin tukunya, ta danna murfi, ta ɗaure da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado.

Tsohuwa ta ce, "Sannu da aiki, 'yata. Ƙamshi har ɗakina."

"Wane ƙamshi, Iya? Albasa ce kawai na soya."

Tsohuwa ta dubi gashin talotalo cike da kwando a bakin murhu. Ta ce, "To, madalla. Amma albasa mai gashi haka, a bar ta ta sha iska." Ta juya ta tafi.

Matar ba ta buɗe ba, don kada ƙamshi ya sake kiran wani. Naman kuwa yana can yana gumi, ruwan murfi yana ɗiga a kansa, kwana uku cur.

Ranar Kirsimeti wanta ya iso da sandarsa, ya sa sabuwar riga, ya ɗauko mata doya biyu tun daga garinsu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ranta fari fat. Ta shiga ɗaki ta kwance tsumma. Wari ya buge ta. Naman ya yi yauƙi, ko kare sai ya yi shawara.

Da a ce ta fito da tukunyar ta ce, "Yaya, dubi abin da rowa ta jawo mini," wataƙila da dariya zai yi. Amma kunya ta kama ta. Ta mayar da murfi, ta kai masa shinkafa da mai da yaji.

Ya sa cokali ya juya, ya sake juyawa. Ya ce, "Ina talotalon?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka ci, Yaya."

Ya yi loma uku ya ajiye cokali. Ya ce, "Ashe kirana kika yi ki ƙarasa abin da kika fara." Ya ɗauki sandarsa. Kafin ruwan farko ya sauka aka aiko mata cewa ya rasu.

Ma'anar wannan misali ita ce: talotalon shi ne alherin da Allah ya sa a hannunku. Murfin farko rowa ce, ita ta ruɓar da naman. Murfi na biyu girman kai ne, shi ya raba ta da ɗan'uwanta har kabari. Ubangiji yana gafarta laifin da aka buɗe a gabansa, mutane ma sau da yawa haka. Wanda aka danne a ciki kuwa ruɓewa yake yi, ya ruɓar da mai shi.

Kai Istifanus, tun jiya ba ka yi wa ƙaninka magana ba, kana tsammani ban gani ba. Je ka faɗa masa abin da ka yi, da bakinka, yanzu. Sauran ku wanke ƙafa, ku yi addu'a, kowa ya tafi ya kwanta. Kada in sake jin motsin kowa.