Ƙwaryar Farko a Famfon Tsaunin Ɗinya

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, wadda ta gagari dattawan garinmu, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

Garinmu Tsaunin Ɗinya a kan dutse yake. An haƙa rijiya ya fi sau goma, kullum sai a ci karo da falalen dutse. Tun kaka da kakanni matanmu a rafi suke ɗebo ruwa, tafiyar awa biyu ta cikin fadama. Ana nan sai wata ƙungiya ta shirya tsere tsakanin ƙauyuka goma sha biyu, ta ce garin da ɗansa ya zo na ɗaya za a haƙa masa rijiyar burtsatse. Tseren kuwa ba gudu ne kawai ba. Kilomita goma sha biyar ne, a ciki akwai rarrafe a ƙarƙashin waya mai ƙaya, da hawan igiya, da ratsa taɓo, da hawan tudu ɗauke da buhun yashi, sannan ga wata doguwar katanga dab da ƙarshe. Kowane gari mutum biyu. Mu muka tsayar da Jatau da Iro, abokan juna, waɗanda tun suna ƙanana ba wanda ya taɓa yarda ɗaya ya fi shi gudu.

Wanda ya fara kama su shi ne Saje Barau, tsohon soja mai ɗingishi, bakin nan nasa kamar barkono. Ranar farko ya kalle su ya ce gudunsu irin na akuyar da kare ya biyo ne, ta zabura yanzu, an jima ta kwanta. Gonarsa guda ya ba da, bai shuka ko ƙwayar gero ba a shekarar. Ya ɗaura igiyar guga a reshen kuka, ya shimfiɗa ƙaya, ya sa su hawan wani tsohon kango har tafin hannunsu ya yi kanta. Wata uku yana koya musu yadda ake tattalin numfashi. Ranar tsere samarin sauran garuruwa suka fita a guje kamar an kunno su. Namu suka zauna a baya, mutane har sun fara yi mana dariya. Kafin rabin hanya sai ga su suna wuce mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyu ita ce Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Jatau, wadda ta shekara talatin tana zirga-zirgar rafi. Wata rana ta biyo ta gonar ta ga Jatau yana nishi da buhu a kafaɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Saje, harbi naku ne, amma ɗaukar kaya namu ne. Ba ni aron yaron nan.” Daga ranar kullum da safe Jatau yana cikin ayarin mata, jarka a ka, gammo a ƙarƙashinta. Ta nuna masa inda ake sa ƙafa a taɓo, da yadda ake zare ta ba tare da an fizga ba. Majalisa ta samu abin yi, ana ce masa saura zane kawai ya ɗaura. Iro kam ya ce shi ba da shi ba. To, ranar tsere ƙarti suka nutse a taɓo har gwiwa, Jatau ya ratsa abinsa. Da aka zo tudu ya tuɓe riga ya naɗe ta gammo, ya aza buhun a ka, ya haye kai tsaye. Matanmu suka rangaɗa guɗa, ni kaina sai da na ji ƙwalla.

Na uku shi ne Iro. Da ƙarfin tsiya ya riga kowa isa katanga, amma buhu ya cinye masa kafaɗa. An shafe katangar da taɓo, sai santsi, ba mai hawanta shi kaɗai, kuma doka ta yarda ’yan gari ɗaya su taimaki juna. Sai ga Jatau, ga ’yan wani gari biyu a bayansa. Iro ne ya fara zuwa, da ya ce Jatau ya duƙa masa ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya dubi ƙafafun abokinsa, ya san sun fi nasa saura. Ya durƙusa ya ce, “Taka ka wuce. In ka tsaya jawo ni, ba ni ba kai.” Jatau ya taka bayansa ya haye. Da taku bakwai ya riga na biyu. Iro kuwa, mutumin da bai taɓa bin bayan Jatau ba, ko takardar kammala tsere bai samu ba.

Aka kawo injin, ya huda dutsen nan, ruwa ya ɓulɓulo. Ranar buɗe famfo ba mu taɓa jin girma irin na wannan rana ba. Mai gari ya tara ƙwaryar farko ya miƙa wa Jatau. Jatau ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ƙafa kawai na bayar. Ga masu ƙwaryar can su uku.”

Nan fa aka tsaya cirko-cirko. Wasu suka ce ba don Saje ba, da numfashi ya ƙare tun kafin a ga taɓo. Wasu suka ce ba don Gwaggo Kande ba, da a taɓon za a tsaya. Wasu suka ce duk wannan banza ne in ba bayan Iro a gindin katanga. Ƙwarya na hannun mai gari, gari duka na jira da ƙishirwa.

To, ku da kuke zaune, in ku ne mai gari, wa za ku fara miƙa wa ƙwaryar nan?