Ƙoramar Gwamma

A zamanin da, tun gaɓar tafkin nan babu ko bukka, aka yi wani maharbi mai suna Barmo. Shi ne ake wa kirari da "Dodon dorina, mai raba kada da ruwa!" An ce idan ya sa filafili, wato sandar tuƙin jirgi, a ruwa, kadoji kan dare su ba shi hanya. Fari ne ya koro shi daga arewa, shi da matarsa Gwamma da danginta, suka yada zango a bakin tafkin da niyyar wucewa idan kaka ta yi.

Wata rana da hantsi ruwa ya kwanta luf, sai Gwamma ta ce, "Maigida, kullum a bakinka nake jin labarin ƙoramun nan. Yau dai kai ni in gani."

Barmo ya jingine mashinsa, ya ɗauke ta a kwalekwale. Yana tuƙi a hankali har suka shiga wata ƙorama mai inuwa, bado ya rufe ruwa, babu motsi sai na tsuntsaye. Gwamma ta tsoma hannu tana dariya. "Ashe nan kake ɓuya ka bar ni da hayaƙin murhu!"

Ba ta rufe baki ba wata dorina mai shayarwa ta taso daga ƙarƙashinsu, ta kifar da jirgin. Barmo ya yi ta nutso har jini ya ɓalle masa ta hanci. Ko ɗankwalinta bai samu ba.

Da kaka ta yi, surukinsa ya ce, "Barmo, ka yi haƙuri. Ruwa ya ci ta. Mu tashi."

"Baba, ban ga gawa ba," in ji shi. "Idan ta kira babu kowa fa?"

Bai ƙara farauta ba. Kullum yana cikin jirgi, yana bin ƙorama ƙorama, ya kira sunanta, ya ɗaga filafili ya saurara. Dangin suka kasa tafiya su bar shi, bukkokinsu suka zama ɗakunan laka. Haka ya yi furfura, muryarsa ta dushe, har ranar da iska ta koro jirgin gaɓa yana kwance ciki, rai ya yi halinsa.

Garin da ya kafu a wurin shi ne Majira. Har yau duk masuncin da ya shiga Ƙoramar Gwamma yakan ɗaga filafilinsa, ya yi shiru, ya saurara. Ba a taɓa jin ta amsa ba.